Kowace shekara sabon inji, to na bara fa wa zai gyara shi?

Duk wanda ya taɓa leƙa bayan waksho na makarantar koyon injiniyanci a ƙasar nan ta Ghana ya san lungun da nake nufi, inda ake jibge furojet ɗin ɗalibai bayan an gama difens, wato kare furojet a gaban masu jarrabawa. Injin sussukar masara, na niƙa barkono, na matse manja, na daka fufu, duk suna nan ruwa na dukansu, tsatsa ta ci rabinsu, ƙadangaru sun samu gida. Kowanne an kashe masa kuɗin iyaye, an ba shi maki, yara sun sa kwat sun ɗau hoto da shi, kuma yawancinsu sau ɗaya suka yi aiki a duniya, ranar da masu jarrabawa suka zo. Shekara na zagayowa sai wasu yaran su zo su sake ƙera irinsa tun daga tushe, su afka ramin da na bara suka afka, saboda babu wanda ya bar musu ko layi ɗaya cewa kai, kar ku bi nan, mun bi mun sha wuya.

Ni aikina kula da ɗalibai ne a lab ɗin zane da ƙira a wata makaranta nan Kumasi, ni ke buɗe ƙofa ni ke rufewa, ni ke ƙirga sifana da yamma. Kuma abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, waɗannan yaran fa an koya musu darasin inganta aiki a kai a kai, yana cikin manhaja, suna rubuta shi a jarrabawa su ci. Tambaye su za su zayyano maka: Walter Shewhart a kamfanin Bell na Amurka ya fito da jadawalin sa ido kan ingancin kaya a 1924, Edwards Deming ya je Japan a 1950 ya koyar da injiniyoyi da manyan masu masana'antu, a 1951 Japanawa suka kafa lambar yabo da sunansa, Toyota kuma a wannan shekarar ta fara tsarin karɓar shawara daga ma'aikatanta, Taiichi Ohno na Toyota da tambayar me ya sa har sau biyar, kaizen, sunan da Japanawa ke kiran wannan gyara a kai a kai, duk sun haddace. Zagayen nan mai hawa huɗu ma, ka tsara, ka gwada, ka duba sakamako, ka gyara ka sake zagayowa, za su zana maka shi da kibiyoyi masu kyau. Amma ka kai su gaban inji ka ce to bismillah, a nuna mini zagaye ɗaya, sai kallon kallo. Kuma ba laifinsu ba ne wallahi, tsarin lab ɗin ne bai taɓa ba su damar zagayowa ba. Zango ɗaya, ƙira ɗaya, gwaji ɗaya, maki, sai an jima. Abin da ake kira zagaye mun miƙe shi ya zama layi.

Shi ya sa muka canza salo a ajin da nake riƙewa. Mun daina cewa kowane rukuni ya ƙirƙiro sabon abu. Akwai injin ɓare gyaɗa da wasu ɗalibai suka ƙera suka tafi suka bari, muka jawo shi ciki muka wanke, muka ɗaura masa littafi mai kauri da igiya a jikin ƙafarsa, muka ce daga yau wannan injin gado ne. Duk rukunin da ya zo zai karɓe shi yadda na baya suka bar shi, ya karanta littafin, ya auna aikinsa, ya canza abu, ya sake aunawa, ya rubuta, ya miƙa wa na gaba.

Ranar farko wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai wannan injin wasu ne, mu ta yaya za mu samu maki a kan aikin da ba namu ba?" Na ce mata 'yata, in kin gama kin samu aiki a masana'anta a Tema ko ma'adinai a Obuasi, kina tsammanin za a ba ki fili fetal a ce ƙera mana sabuwar masana'anta? Injin wasu za ki tarar, wanda ya girme ki ma, an sha yi masa faci, kuma albashinki na fitowa ne daga sa shi ya yi aiki gobe fiye da yau.

Bari in ɗan tsaya kan injin kansa don a nan abin yake. Ganga ce mai sanduna tana juyawa a cikin wani rariya na ƙarfe mai lanƙwasa, gyaɗa na sauka daga mazurari ta sama, sandunan su murje ta a jikin rariyar, ɓawo ya fashe, ƙwaya da ɓawo su zubo ƙasa. Rigimar duka tana tsakanin abu uku: tazarar da ke tsakanin ganga da rariya, saurin juyawar gangar, da bushewar gyaɗar. In tazarar ta matse ƙwaya za ta farfashe, in ta yi faɗi gyaɗa za ta wuce da ɓawonta. In gudu ya yi yawa aiki zai yi sauri amma fashewa ta ƙaru. Gyaɗar da ta bushe ƙayau tana ɓaruwa da sauƙi amma ƙwayarta ba ta jure duka, mai ɗan danshi kuma ɓawon ya ƙi fashewa. To ka ga babu amsa guda da za ka kwafo daga intanet, dole sai an gwada.

Awon kuma ba wani na'ura mai tsada yake so ba. Sikelin kicin, agogon waya, faranti uku. A auna kilo ɗaya na gyaɗa a zuba, a kama lokaci, abin da ya fito a zauna a tsince shi da hannu: lafiyayyar ƙwaya faranti ɗaya, fasasshiya faranti ɗaya, wadda ba ta ɓaru ba faranti ɗaya, a auna kowanne a rubuta. Tsintar nan ita yara suka fi tsana, samari masu ji da kansu zaune a kan benci suna tsince gyaɗa kamar masu shirin miya, ana ta gunaguni ana ɗan jefawa a baki in na juya baya, wanda hakan ma ɓata awon yake yi, sai da na kafa doka. Amma a wurin tsintar ne suke fara ganin abin da idonsu, wani zai ɗago ƙwaya ya ce Malam duba, duk a tsakiya suke rabewa, ba murƙushewa suke ba, ashe duka ne ya yi yawa ba matsi ba. Wannan maganar ba ta fitowa daga lakca.

Doka ta biyu ita ce ta fi wahalar shiga kai: abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Yaro mai zafin jini so yake ya canza fuli, ya buɗe tazara, ya sauya rariya duk a yini ɗaya, in sakamako ya yi kyau ya yi ta murna, ka tambaye shi a cikin ukun wanne ne ya kawo gyaran sai ya yi shiru. In ya lalace ma bai san wanne zai mayar ba. Misali batun gudu, moton lantarkin da muke da shi irin na gama-gari ne, a wutarmu mai zagaye 50 a daƙiƙa yana juyawa wajen sau 1,440 a minti. In fulin da ke kan moton milimita 75 ne na kan ganga kuma 300, ganga za ta yi kashi ɗaya cikin huɗu na wancan, wato wajen 360. Ka sa fuli mai 400 gudu ya sauko wajen 270. Lissafi ne na 'yan aji ɗaya, amma sai yaro ya canza fulin da hannunsa, bai taɓa komai ba sai shi, ya ga farantin fasasshiya ya ragu lokaci kuma ya ƙaru, sannan yake gane cewa ƙira ciniki ce, ka ba da wani abu ka karɓi wani.

Sai ta uku, kar ka yi gwaji sau ɗaya ka ce ka gano. Ka zuba kilo ɗaya sau uku ba tare da ka taɓa ko noti ɗaya ba, lambobi uku daban za ka samu. Wannan shi ne ainihin abin da Shewhart ya zo da shi, cewa kowane aiki yana da 'yar rawar da yake yi ta kansa, kuma in ba ka san faɗin wannan rawar ba za ka riƙa murna da abin da ba gyara ba ne, ko ka riƙa kwance inji lafiyayye. Mu a nan kuwa abubuwan da ke sa lamba rawa ba su da iyaka. Buhun gyaɗar da aka sauko da shi daga Tamale a bushe, ya kwana biyu a Kumasi da damina ya sha danshi ya zama wani abu daban, na lokacin hunturu kuma daban. Wuta ta yi ƙasa moto ya yi nishi. Wanda ke zuba gyaɗa a mazurari wani a hankali yake zubawa wani ya juye gaba ɗaya. Yanzu a littafin akwai gurbin da ake rubuta daga wane buhu aka ɗiba, wa ya zuba, yaya garin yake ranar. Yaran da kansu suka ƙara gurbin mai zubawa, bayan rukuni biyu sun kusa dambe kan lambobin da suka ƙi haɗuwa.

Akwai wata rana da bel ya riƙa zamewa daga kan fuli, a mayar ya sake fita. Amsar farko da na samu ita ce wadda kowa ya sani, "Malam, wane ne ya ɗaura shi jiya." To nan fa aikin yake, domin mu da an ce me ya sa, kunnenmu wa ya yi yake ji. Na ce ban tambayi suna ba, me ya sa bel ke fita? Suka ɗora doguwar rula a jikin fuli biyun, ba su kan layi ɗaya. Me ya sa? Moton ya gusa daga mazauninsa. Me ya sa ya gusa? Notunan sun kwance. Me ya kwance su? Injin na girgiza fiye da kima. Me ke girgiza shi? Nan suka tsaya, sai da suka cire bel suka juya ganga da hannu suka ga kullum gefe ɗaya take komawa ta tsaya, kuma shaf ɗin yana ɗan lilo. Ashe tun wajen walda ne, an bi gefe ɗaya an ƙone shi gaba ɗaya kafin a koma ɗayan, zafi ya ja ƙarfen ya karkace, kuma zanen da aka ba mai walda bai ce komai kan ta ina za a fara ba. Ka ga daga yaron da aka so a ɗora wa laifi mun dawo kan takardar zane, wadda ita ce darasin ajin tun asali. Da mun tsaya a hawa na farko da an ƙara ɗaure bel, an harari yaro, jibi ya sake fita.

Wannan batu na suna da laifi ba ƙarami ba ne a wurinmu. Mun taso da kunya da girmama na gaba, abu ne mai kyau, amma a lab yana sa ƙaramin ɗalibi ya ga shugaban rukuni ya karanta awo ba daidai ba ya yi gum, balle a ce malami ne ya yi kuskuren. A masana'antar Toyota ma'aikaci na da igiyar da zai ja in ya ga matsala, layi ya tsaya in ta kama, kuma ba a ɗaukar hakan rashin kunya. Deming ma ya nace kan a fitar da tsoro daga wurin aiki, don mai tsoro lambar da kake so ka ji zai kawo maka. Ni dai abin da nake maimaita musu shi ne gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma duk wanda ya ce a tsaya, a kashe inji a saurare shi ko da ɗan aji ɗaya ne. 'Yan matan ajin na lura sun fi saurin kama wannan in an ba su fili, su ne kuma suka fi riƙe littafin da gaskiya.

Wani abin da ke ba ni haushi kuma yana ba ni dariya, wai sai mun je Japan neman wannan ilimin alhali Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera, na nan, trotro ɗaya daga Kejetia. Masu ƙera injin niƙa a can gyara a kai a kai shi ne abincinsu, don mai injin in ya lalace gobe zai dawo musu da shi a bayan aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, yana faɗa, dole na gaba ya fi na baya. Jami'ar kimiyya da fasaha ta nan Kumasi, KNUST, ta gane haka tun tuni, ta kafa cibiyar ba da shawara kan fasaha a 1972, a 1980 ta buɗe reshen koyar da fasaha a cikin Suame ɗin kanta, daga wannan ne hukumar GRATIS ta samo asali a 1987, wadda ta yaɗa irin wannan reshe zuwa sauran yankuna. Kaizen ɗin ma da sunansa ya shigo ta hannun JICA, hukumar ba da tallafi ta gwamnatin Japan, da hukumar ƙananan masana'antu ta wancan lokacin, NBSSI, kuma a nan yankin Ashanti aka fara a 2012.

Akwai wani dattijo ɗan Zango da nake kai yara wurinsa, maƙeri ne tun ban san hannun damana ba, Baba muke ce masa. Zai ɗora bakin sukurudireba a gidan boris ya kafa kunne a ƙotar, inji na gudu, ya ce wannan boris ɗin ba zai kai sallah ba, kuma ba zai kai ɗin ba. Ya taɓa ce mini, "Malam, yaranka sun iya biro, nawa sun iya guduma, ka ga da za a haɗa su." Gaskiya ya faɗa, amma ni ma na ce masa Baba, duk gyaran da ka yi wa injin nan shekara da shekaru ina yake? Ya nuna kansa. To matsalar kenan, in yau ya kwanta ciwo, yaransa za su gaji hannunsa amma ba za su gaji dalilinsa ba, me ya sa ya ƙara kaurin nan, me ya gwada ya watsar. Ɗalibaina kuma za su cika shafi hamsin kan injin da ba su taɓa jin ɗuminsa ba. Littafin da ke rataye a ƙafar injinmu ƙoƙari ne na tsayawa a tsakiyar su biyun.

Duk wannan surutu ne in ba a taɓa maki ba, don ɗalibi inda maki yake nan yake kallo, kuma ban ga laifinsa ba. Muddin makin yana kan inji ya yi aiki ranar difens, to za a ɓoye duk abin da ya lalace, a yi fenti, a zaɓo gyaɗa masu kyau a ajiye don ranar. Mu sai muka mayar da kaso mafi tsoka kan littafin: ka faɗi abin da kake tsammani kafin ka gwada, ka auna yadda ya kamata, ka rubuta abin da ya fito ko da ya kunyata ka, ka bar wa na baya bayanin da za su iya bi. Rukunin da ya gwada rariya mai manyan ramuka abin ya ƙara lalacewa, suka rubuta dalla-dalla suka mayar da tsohuwar, sun fi maki a kan waɗanda injin ya yi kyau a hannunsu amma ba su san dalili ba. An yi ƙorafi sosai, har da zuwa ofis. Magudi kuma bai ƙare ba, kar in yi muku ƙarya, akwai masu zama a hostel su tsara lambobi, sai dai lambar da aka ƙirƙira tana da wani irin santsi, gwaji uku duk kusan ɗaya, babu kankare babu tabon mai a shafin. Shi ya sa da biro ake rubutawa, a gaban injin, shafuka da lamba, ba a yage ko ɗaya, in ka yi kuskure ka ja layi ɗaya a kai ka bar shi a gani.

Batun share wuri da jera kayan aiki, wanda Japanawa ke kira 5S, ba zan ja shi ba. Allo muka kafa muka zana siffar kowace sifana da fenti, in babu ita gurbinta na kallonka. Neman sifana mai lamba 13 kaɗai da yana cin kwatan awa.

Shi ma darasin kansa dole ya bi ta wannan zagayen, in ba haka ba muna wa'azin abin da ba ma yi. Hukumomin tantance kwasa-kwasan injiniyanci irin su ABET ta Amurka sun sa wannan cikin sharuɗɗansu, sai sashe ya nuna yana auna abin da ɗalibai suka koya kuma yana amfani da sakamakon wajen gyara, amma sau da yawa abin yana ƙarewa ne a fayil da ake cikawa in baƙi za su zo. Ni ƙaramin abu nake yi, ƙarshen kowane zama kowa ya rubuta a 'yar takarda ba suna, me ya ɓata maka lokaci yau. Daga nan na gano da yawansu ba su iya karanta baniya ba, wannan ma'aunin mai zamewa da ke auna har 0.02 na milimita, suna jin kunyar faɗa, kuma duk awon tazarar da suke yi a kansa ya dogara. Yanzu makon farko ba a kunna inji, kowa zai auna ƙarfe guda ɗaya a ɓoye ya rubuta, sannan a baje amsoshin a allo a ga yadda suka watse.

Inda har yanzu muke ja-in-ja shi ne da masu cewa furojet dole ya zama sabon abu, wai gyara injin wasu ba ƙirƙira ba ce. Ina fahimtarsu ta wani gefen, akwai ranar da gyara ba ya isa, in tushen ƙirar ne bai yi ba ko shekara goma ka yi kana matsa noti ba za ta haifu ba, sai a ajiye a sake tunani, kuma ɗalibi na buƙatar ya taɓa fara abu daga farar takarda ko sau ɗaya ne. Amma ko wannan hukuncin na a watsar, da me za ka yanke shi in ba da littafin ba? Sannan ga kuɗin gyaɗa, wanda ba ya cikin kasafin kowa, yawanci karo-karo muke yi, in an gama a soya a raba. Zango kuma gajere ne, rukuni mai himma ne ke samun zagaye uku kafin jarrabawa ta taso.

Rukunin da zai shigo yanzu aikinsu na kan fankar da ke hure ɓawo, don har yau tana tafiya da ƙananan ƙwayoyi tare da shara, na baya sun rubuta cewa sun rage iska sai ɓawo ya dawo cikin gyaɗa, sun tsaya a nan lokaci ya ƙare musu. Ina kuma so kafin su taɓa komai su ɗauki injin su kai wa matan da ke yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a Aboabo su yi yini da shi, domin mu muna ta faman rage fasasshiyar ƙwaya, su kuwa da niƙa ta za su yi wataƙila fashewar ba ta dame su ba, sauri da tsabta suke nema, mai sayar da iri ne zai ce a kawo masa ita lafiya ƙalau.